Ban Yafe Wa Kawu Ba

Ranar da aka binne Kawu a Gwarzo, magana ɗaya ce ta yi ta yawo a bakin mutanen ƙauyenmu, tun daga ƙofar gida har maƙabarta: "Mun yafe masa." Wanda ya yi shekara da shekaru ba ya amsa sallamarsa ya faɗa. Wanda ko kaza bai taɓa rasawa ta dalilinsa ba ya faɗa. Suna faɗa suna shafa gemu, kai ka ce sa suka yanka sadaka.

Baƙin birni nasu daban ne. Motocinsu sun cika layin har bakin titi, malaman jami'a da likitoci da waɗanda ya koyar. Akwai wata tsohuwar ɗalibarsa, Kirista 'yar Filato, da ta ɗaura ɗankwali ta shiga cikin mata tana kuka kamar ubanta aka ɗauka. Su ba su san abin da ake yafewa ba. Wani mai farin gilashi ya matso kusa da ni ya ce, "Malam, me marigayin ya yi muku ne?"

Na ce, "Rijiya ya ba mu a makare."

Ya dube ni, ya ga ba wasa a fuskata, ya koma wajen 'yan'uwansa.

Kafin a yi masa salla liman ya yi abin da aka saba, ya ce duk wanda mamacin ya ɓata wa ya dubi Allah ya yafe. Aka amsa. Sai idanu suka juyo kaina, don duk ɗan ƙauyenmu ya san 'yata ce ta mutu. Na yi shiru. Yayana ya zungure ni da gwiwar hannu. Na ƙara yin shiru.

Tun ranar ake cewa zuciyata ta bushe, wai na bi gawa da gaba. Shi ya sa na zauna nake wannan rubutu, ni da karatuna bai wuce firamare ba. Direba ne ni, Gwarzo zuwa Kano ta Kabo, tun gemuna bai fito ba har ga shi ya yi fari, kuma na gaji da bayani a tasha. Maganata gajera ce. Ba a yafe wa mutum sai ya yi laifi. In na buɗe baki na ce na yafe, na yarda ke nan Kawu ya kashe mini 'ya, kuma da haka jikokinsa za su tashi su san shi. Ba zan faɗa ba.

Kawu ƙanen Inna ne, mahaifiyata, uwa ɗaya uba ɗaya. Shi kaɗai ya yi boko mai zurfi a gidansu. Dakta ne, amma ko allura bai iya riƙewa ba, shi ya sa a ƙauye ake ce masa dakta mara allura. Aikinsa ƙididdiga ne a harkar lafiya. Da na taɓa tambayarsa me yake yi takamaimai, cewa ya yi, "Likita mutum ɗaya yake dubawa. Ni taro nake dubawa, in gane me ya jawo me. Mutum ya sha magani ya warke. To, da bai sha ba fa? Wannan 'da' ɗin shi ne abincina."

Kuma bai bar kowa ya huta da shi ba. Wata ranar kasuwar Kabo na ɗauko shi, muka tsaya sayen albasa, sai ga mai maganin gargajiya da lasifika yana rantsuwa duk wanda ya sha maganinsa sai ya dawo godiya. Kawu ya ratsa taron da babbar rigarsa.

"Malam, waɗanda ba su dawo ba fa?"

"Sun warke, Alhaji, me za su dawo yi?"

"Ko kuma an kai su makwanci."

Mai magani ya sauke lasifika ya ce, "Alhaji, in ba saye za ka yi ba, matsa, kana tare mini iska."

Kawu ya yi ta dariya har mota. Ba ya jin haushin a mayar masa da magana, abin da ba ya so shi ne a amsa masa da "haka muka taso muka gani."

Da Inna kuwa kullum sai sun yi. In jikanta ya kama gudawa ta ce zawon haƙori ne, sai ya ce, "Yaya, lokacin da haƙori ke fitowa, ba lokacin ne yaro ke rarrafe yana cusa ƙasa da kashin kaji a baki ba?"

"Ni za ka koya wa goyo? Ni na goye ka, kuma da naka haƙorin ya fito ba zanen da ba ka ɓata mini ba."

"Kashin kaji na ci, Yaya."

"Da alama har yanzu bai sake ka ba."

Haka suke, sai ta zuba masa fura ya shanye ya lashe ludayi.

Maganar rijiya ta zo ne lokacin ina da 'yar ƙaramar yarinya, ta fari a wurina. Wata ƙungiya ta zo za ta haƙa rijiyoyin burtsatse a ƙauyukan yankinmu, daga wajen Kara har Madadi da Unguwar Tudu. Kowa zai samu, amma ba a shekara ɗaya ba, wasu bana wasu baɗi. Aka ɗora wa Kawu tsara wa za a fara yi wa, ya kuma bi sawu ya gano ko rijiyar tana rage ciwon cikin yara da gaske. Da labari ya iso ƙauyenmu, dagaci bai jira komai ba ya yanka rago. Ɗanmu ne ke rabo, me ya rage?

Kawu ya zo ya ci naman ragon, ya wanke hannu, sannan ya ce ƙuri'a za a yi.

Dagaci ya ce, "Ƙuri'a kamar yaya? Kai ba nan aka yanke maka cibiya ba?"

"Nan ne, ranka ya daɗe. Amma in na fara da garuruwan da suke da manya a birni, su ne dama suke da hanya da ɗakin shan magani. In yaransu suka yi lafiya, wa zai ce ruwan ne ko hanyar ce? Sai a yi ta zuba dukiya a rami ba a san ko tana aiki ba. Kuma ban kawo baƙon abu ba. Yadda kuke rabon naman watanda, haka za a yi."

Kowa ya san watanda. A haɗa kuɗi a yanka sa da salla, a kasa nama, kowa ya ba da alamarsa, wannan tsinke, wannan tsakuwa, a kira wanda bai san na kowa ba ya ɗora alama a kan kashi. Ba mai cewa an cuce shi. Amma nama ne wannan, in ji dagaci, ba ruwan sha ba.

Ni na kai Kawu wurin rabon a Gwarzo, da idona na gani. Aka shimfiɗa tabarma biyu, ta bana da ta baɗi. Dagatai suka ba da alamu, mai ƙwallon dabino, mai ɓarin goro, mai maɓallin riga. Namu dagacin ya zare zoben azurfarsa ya jefa a ƙwarya, a tunaninsa abu mai ƙyalli shi hannu zai fara ɗauka. Kawu ya gan shi, ya cire hiraminsa ya rufe bakin ƙwaryar. Aka kira wata Bafulatana mai tallan nono da ke wucewa, ta zura hannu ta ƙarƙashin hiramin tana ɗaukowa tana ajiyewa, wannan nan, wannan can, tana ta mita ana ɓata mata ciniki. Zoben dagaci ya sauka a tabarmar baɗi.

A mota na ce, "Kawu, ba wanda zai ce uffan in ka gyara. Zobe ne fa, ɗaga shi kawai za ka yi."

Ya ce, "Ɗan Yaya, ja mota."

A daminar jiran nan amai da gudawa suka shigo ƙauyenmu. Ruwan tafki muke sha, wanda kakanninmu suka sha, wanda shanu ke shiga. 'Yata ta fara tafiya ke nan, tana bin uwarta tana riƙe da gefen zane. Ta kwanta da safe, kafin mu gama shawarar asibitin Gwarzo da neman yadda mota za ta fita cikin taɓo, jikinta ya saki. A hanya ta cika, a cinyar uwarta, ina tuƙi.

Ba ita kaɗai ba ce a ƙauyen ta kwanta, amma ita ce jinin Kawu, don haka da ita aka yi masa bulala. "Ya yi caca da jikarsa," haka ake faɗa a masallaci da majalisa. Da ya zo gaisuwa, ba wanda ya matsa masa a tabarma. Ya tsuguna a ƙasa da farar shaddarsa ya yi addu'a.

Na ja shi bayan rumbu, raina a ɓace. Na ce, "Kawu, kai ne mai 'da'. To, gaya mini. Da an haƙa mana rijiyar bana, da tana raye?"

Duk wanda ya zo gaisuwa ya ce mini kwananta ne ya ƙare, kuma gaskiya ne. Da Kawu ya faɗi haka ya tsaya, da ya huta. Sai ya ce, "Ban sani ba. Mai yiwuwa da tana nan. Mai yiwuwa ta wata hanyar ciwon ya shigo. Aikina zai iya gaya maka abin da rijiya ke yi wa yara masu yawa. Na yarinya ɗaya, wannan Allah kaɗai ya sani, kuma ba zan yi maka ƙarya don ka ji sanyi ba."

Idonsa ya yi ja. Na bar shi nan tsaye.

Mai ɗakina tana bayan zana, ta ji komai. Daga ranar ta ɗauke masa gaisuwa. Ta taɓa ce mini, "Da ya ce ba ruwan rijiya, da na haƙura. Da ya ce laifinsa ne, da na haƙura. Amma mutum ya tsaya a gidana ya ce bai sani ba?"

Shi kuwa bai fasa ba. Duk salla sai ya zo gaida Inna, ya tsaya a bakin sashenmu ya ce, "Uwar gida, barka da salla. Ya yara?" Sai dai ya ji ƙarar tukwane. Ya ɗan jira, ya ce, "To, madalla," kamar an amsa masa, ya juya. Bai taɓa aiko wani ya ba ta baki ba, bai taɓa kai ƙararta wajen Inna ba. Har ƙafarsa ta daina ɗaukarsa yana wannan gaisuwar.

Ni ba wa'azi ne ya sauko da ni ba, fasinja ne. Shekaru bayan nan wata mata ta shiga motata a Kabo da yarinya a gefenta, tsarar tawa da tana raye. Yarinyar ta yi ta surutu, tana ƙirga jakuna a hanya, tana tambayata me ya sa motata ke tari. Na tambayi uwar garinsu. Ta faɗa. Garin mai ƙwallon dabino ne, wanda ya hau tabarmar bana. Tabarmar nan ba ta da wurin ƙari. Da Kawu ya ɗaga zoben dagacinmu, sai ya sauke alamar wani. Na kalli yarinyar ta madubi har Kano. Ban ce ita rijiya ta raya ba, ni ma na koyi kada in faɗi abin da ban sani ba. Amma na tambayi kaina ko zan iya ce wa uwarta ta sauka, wurin 'yata ne. Ban iya ba.

Kuma tunda ana lissafin laifi, a yi shi duka. Tafkin nan ba Kawu ya haƙa ba. Masu neman ƙuri'armu da suka yi ta yi mana alƙawarin famfo tun ina yaro, ba wanda ya ɗauke musu gaisuwa. In sun zo har yau da guɗa ake tarbarsu. Mutum ɗaya da ya kawo rijiyar da gaske, shi aka yi wa gaba don bai saci layi ba.

Bai tsaya ɓata wa mutanen ƙauye kaɗai ba, har masu aikin rijiyar sai da ya ɓata musu. Da ya gama bin sawunsa, so suke ya ce rijiya ta gama komai a yi biki. Ya ce musu a'a. Ruwa na fitowa da tsabta, amma sai a juye shi a randa mai buɗaɗɗen baki, kowa ya zura moɗa da hannunsa, babba da yaro, ya koma gidan jiya. Na ji ba su ji daɗi ba, har suka daina kiransa na wani lokaci. Amma bayan nan ne aka fara ganin bokiti mai murfi da famfo a tsakar gidaje. Yau ka shiga gidajen Kara ko Unguwar Tudu za ka gan shi a gindin bishiya, ba wanda ya san daga bakin wa ya fito. Har gidan dagacinmu akwai. Kuma mutanen nan da suka ce caca ce, in takin gwamnati ya zo bai isa ba, su ne ke fara cewa a kawo ƙwarya a yi ƙuri'a kada a ci amanarsu.

Ɗalibar nan tasa 'yar Filato ta same ni a bakin mota ranar uku. Ta ce ya sha ba su labarina. Ta ce akwai ƙasashen da Kawu bai taɓa takawa ba, amma masu binciken magani a can da hanyar lissafinsa suke rarrabe abin da ya warkar da abin da ya zo tare da waraka kawai. Rabin abin da ta faɗa ban gane ba, Turanci ya yi yawa a ciki. Abin da na riƙe shi ne da ta ce, "Baba ya hana mu rubuta 'ya jawo' sai mun yi gumi a kai." Na ce mata mu ma ya hana mu, ba mu dai da takardar shaida ne.

Wadda ta fi ba ni wahala Hajiya ce, matar Kawu. Ta aiko a kira ni. Na same ta a kan tabarmar takaba, kwanon abinci a rufe a gefe, an ce tun ranar rasuwar ko kunu ba ta iya haɗiya.

Ta ce, "Ɗana, ni ban san lissafi ba. Abin da na sani yana kwance shi kaɗai, kuma an ce haƙƙin mutum ba ya barin mamaci ya huta. Ka faɗa ko da baki ne."

"Hajiya, ba haƙƙina a kansa."

"To, me zai rage ka in ka faɗa?"

"Ni ba abin da zai rage ni. Shi zai rage."

Ta juya fuska bango. Na fito. In na ce ban yi tunanin in faɗa kawai a wuce wurin ba, na yi ƙarya. Amma na san mutanenmu. Kalmar na fita daga bakina za a ɗauke ta a kai majalisa: kun ji, uban yarinyar ma ya ce an cuce shi, ya dai yi haƙuri ne.

Safiyar addu'ar bakwai ina duba ruwan mota, sai ga mai ɗakina ta fito da mayafi da takalmi. Tun rasuwar ba ta je ba, ban kuma ce ta je ba.

Ta ce, "Ka kai ni."

Sai da muka hau kwalta ta yi magana. "An ce ka ƙi."

"Na ƙi."

"Gara da ka ƙi, don yafiyar ba taka ba ce. Waɗancan masu gemun da ke ta rabon yafiya, wa ya goya yarinyar a cikinsu? Wa ya ji sanda ta yi sanyi? Yafiyar tawa ce. Na riƙe ta tsawon nan, ni zan kai ta da ƙafata."

Ta shiga cikin gida, ni na zauna a rumfa. Da aka shafa fatiha liman ya gyara murya ya ce akwai sauran magana, kuma gaban jama'a ya fi. Ya kira ni.

Na miƙe na ce, "Allah gafarta malam, ban yafe ba, don ba a cuce ni ba. Ga mutanen garin da aka fara haƙa wa nan sun zo gaisuwa. Alhaji, yaranku na wancan lokacin suna ina?"

Dattijon ya ce, "Suna nan. Wasu har sun aurar da ƙannensu."

"To, mutanenmu, ku da kuka yafe, ku nuna mini wanda za a mayar tafki a cikinsu a ba mu wurinsa. In kun nuna, zan yafe yanzu."

Ba wanda ya nuna. Yayana ya ce in zauna na zubar mana da mutunci. Dagaci ya tattara rigarsa ya tashi. Liman ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce, "To, a yi wa mamaci addu'a," bai ƙara ambaton yafiya ba. Har yau akwai waɗanda ba sa shiga motata, su tsaya a rana su jira ta baya. Su jira.

Abin da ya gudana a cikin gida ban gani ba, ba wurin maza ba ne. Ƙanwata ce ta leƙo daga baya ta ce a aika a sayo wa Hajiya fura, ta ce yunwa take ji.

Allah ya jiƙan Kawu. Abin da ke tsakaninsa da Ubangijinsa, Allah ya rufa masa asiri ya gafarta, mutum ne kamar kowa. Amma maganar rijiya, duk mai yi masa addu'a ya cire ta daga ciki.

A hanyar komawa, da muka saki kwalta muka kama ta ƙauye, na dubi mai ɗakina. Idonta a kumbure.

Ta ce, "Malam, har yanzu ina nan a kan cewa da ya ɗaga zoben."

"Na sani."

"Kai kuma kana nan a kan bai yi laifi ba."

"Ina nan."

Ta gyara mayafinta ta dubi gaba. "To, ka kula da ramin can."